Motar Bayan Karafan

Shekarar da mai gidana ya sayi karafan ita ce shekarar da idon Inna ya fara tafiya, har yau kuma ba na tuna ɗaya ban tuna ɗayan ba.

Mai gidan nawa wani tsohon Balarabe ne a Riyad. Shi ne kafilina, sunansa ne a kan iƙamata, wato takardar izinin zamana, ni kuma direbansa. Kafin a ɗauko ni da kansa yake tuƙi, sai ranar da ya shige da mota cikin katangar maƙwabcinsa yana zaton ƙofar gidansa ce. Babban ɗansa ya kwashe makullai duka ya zuba a aljihu. Ranar da na kama aiki ɗan ya ja ni gefe ya gaya mini magana guda: duk ranar da ya ji uban ya taɓa sitiyari da sanina, in haɗa kayana. Tun daga lokacin tsohon yake zama a gefena, yana taka birkin da babu shi a ƙarƙashin ƙafarsa, yana gaya mini hanyar masallacin da nake kai shi sau biyar a yini.

Karafan wata doguwar mota ce mai ɗaki a cikinta, da gado da murhu da bayan gida. Mutanen Riyad, da sanyi ya shigo, sai su rufe gidajensu na alfarma su fita daji su baje a kan rairayi suna hura wuta. Kashta suke kiran abin. Ni da na baro ƙauyenmu a ƙasar Kano don in huta da hayaƙin itace, ga shi na zo inda ake sayen mota musamman don a je a shaƙe shi. Ni dai aikina tuƙi.

Ana cikin haka ƙanwata ta kira ni. Ta ce sun kai Inna asibiti a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa sai dai ya rage wa abin gudu, ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Sai Inna ta karɓi wayar. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba.

"Kai," ta ce, "in za ka zo, ka zo tun ina rarrabe fuska."

A ƙasar nan ba ka fita sai kafili ya yarda an yi maka bizar fita da dawowa. Ɗan ne yake dannawa a wayarsa, amma ba ya dannawa sai uban ya ce. Na sami tsohon bayan la'asar yana shan gahawa, na durƙusa na gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi wa Inna addu'a mai tsawo, har na fara jin daɗi.

"Za ka tafi, ya waladi," ya ce. "Amma ka fara samo mini ƙaramar mota ta hannu wadda za mu ɗaura a bayan karafan. Mu fita da ita daji sau ɗaya, in ga ta yi, sai ka tafi."

Maganar ba ta rasa kan gado ba. In an kafa karafan a daji an fitar da rumfa da kujeru, ba za a tuge ta don sayen burodi ko gas ba, dole a sami 'yar ƙaramar da za a kwance a yi aike da ita. Na ce a raina wannan ai aikin yini guda ne. Riyad fa, garin da motocin hannu suka fi mutane yawa.

Na wuce unguwar Sulay wurin wani abokina bakanike, mutumin Damagaram, wanda tun da muka haɗu bai taɓa gaishe ni ba tare da ya tsokani Kanawa ba. Na same shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Bakano zai sayi motar da ba za ta ɗauki fasinja ba?" ya ce daga can ƙasa. "Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Da ya fito ya goge hannu sai ya yi mini bayani. Kada in kusanci otomatik. In aka ja ta injin a kashe man giya ba ya zagayawa, kafin mu wuce filin jirgi giyar ta toye. In nemi mai giyar hannu, a sa ta a firi, a bar makulli a jiki don sitiyari ya saki. Ta zama marar nauyi, kuma gabanta ya zama da ƙarfe mai lafiya inda zai ɗaura sandar ja. Fenti da rediyo da sauran kwalliya duk ba ruwana da su.

"Motar da za a ja ai kamar akuyar da za a kai kasuwa ce," ya ce. "Ta bi igiya kawai."

Da na koma gida na ce gobe zan je haraj, kasuwar motocin hannu, sai tsohon ya ce tare za mu. A nan ya kamata in gane akwai matsala.

Haraj wuri ne da kowa ke ihu lokaci guda. Dillalai na dukan bodin mota da tafin hannu suna rantsuwa, motoci na shigowa a jere, ƙura da hayaƙi, kowane mai mota kuma malamin makaranta ne wanda bai taɓa zuwa ko'ina da ita ba sai aiki da masallaci. Ban daɗe ba na hango wata 'yar farar mota ƙirar Japan, giyar hannu, tsaf da ita. Na buɗe inji, na leƙa ƙasa, na tayar da ita na saurara. Zuciyata har ta fara shirya tsarabar Inna.

Tsohon bai kalli injin ba. Ya zagaya da sandarsa ya buɗe ƙofar direba ya zauna. Ya kama sitiyari da hannu biyu, ya gyara madubi, ya miƙa wuya yana leƙen gaba. Can ya fito.

"La," ya ce. Wato a'a.

"Ammi, me ya same ta?" na ce. Haka nake kiran sa da Larabci, wato baffa.

"Kujerar ta yi ƙasa. Mutum ba ya ganin hancin motar."

Na ce to. Muka ga wata. Ya shiga, ya zauna, ya danna ham. Ya ce wannan kukan ɗan akuya ne, ko kaza ba za ta matsa masa ba. Muka ga ta uku, ya ce sitiyarinta siriri ne kamar awarwaro. Ta huɗu gilashin gefenta ba ya sauka har ƙasa, babu inda mutum zai ɗora gwiwar hannu. Ana kiran magariba muka koma gida hannu rabbana, shi yana cikin nishaɗi, ni kuwa ko abinci ban iya ci ba.

Haka muka yi ta yi, mako na bin mako. Mun taka haraj har dillalai suka san mu, da sun hango mu sai su fara yi wa juna dariya. Mun je wuraren sayar da motoci na gabas da na kudu. Mun je gidajen mutanen da suka sa talla a waya, a ba mu gahawa da dabino, tsohon ya zauna a motarsu ya fito ya ce la. Ban taɓa jin ya tambayi lafiyar inji ko kuloci ko taya ba. Kujera, sitiyari, madubi, ham. Motar da za ta yi tafiyarta fanko a bayan wata motar, ina ruwanta da daɗin kujera? Na sha yi wa kaina wannan tambayar ina tuƙi, haƙorana a datse.

Ɗan ya ga abin ya ƙi ƙarewa, ya kawo shawara mai kyau. A sayi ko wace iri ce, ko otomatik, a ɗora ta a kan 'yar tirela, karafan ta ja tirelar. Na kusa rungumar sa. Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi mota yake so ba gawa a makara ba, ƙafafunta huɗu za su taka ƙasa. Ɗan ya ɗaga kafaɗa ya fita abinsa. Shi ba uwarsa ce ke jira ba.

Ranar Juma'a in na je unguwar Batha aika wa gida saƙo, sai in tarar da 'yan uwanmu a gindin shagon mai shayi, kowa ya zama masanin mota. Wani ya ce in zaɓi wadda kayan gyaranta ke da araha a Ƙofar Ruwa, don wata rana ni za a bar wa. Wani ya ce tsohon riƙe ni kawai yake yi, ba motar da yake nema, in kai ƙara. Wani ɗalibi ya karanto mini falalar haƙuri da Larabci mai kyau. Na gode musu duka, na hau bas na koma da ciwon kai.

Inna kuwa ba ta sake ce mini in zo ba. Sau ɗaya ta faɗa, ita ba ta maimaita roƙo. Sai dai labarin da take ba ni ya canja. Wata rana ta ce yanzu da murya take gane jikokinta. Wata rana kuma tana dariya ta ce ta fito da safe ta gaida turmi har da tambayar mutanen gida, tana zaton maƙwabciyarta ce a zaune. Na taya ta dariya. Da na kashe wayar na zauna a ɗan ɗakina na bakin ƙofar gida, na rasa wanda zan zaga.

Washegari a haraj, da ya fito daga wata mota mai lafiya ya ce madubinta ƙarami ne, haƙurina ya ƙare.

"Ammi, Allah ya ja kwananka, motar nan fa ba mai zama a cikinta a hanya. Ja za a yi. Uwata tana makancewa, mu kuma muna nan muna auna madubi."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya waiga ya ga dillalai sun kasa kunne. Ya gyara gutrarsa, ƙyallen da yake yafawa a ka, ya ce mu duba layin can na ƙarshe.

A layin ƙarshen ne muka same ta. Ban taɓa ganin mota mai muni irin nata ba. Rana ta cinye fentinta har ba ka iya cewa ga launinta, ƙofar baya ɗaya daga wata motar aka ciro ta, ga ta gajera ga ta da tsayi kamar akwatin kaji. Amma giyar hannu ce, kuma ba ta da nauyi. Tsohon ya shiga. Kujerar na sama, sitiyarin kauri gare shi an naɗe shi da baƙar fata, gilashin ya sauka har ƙasa. Ya danna ham, wani dillali da ke shan shayi a gaba ya yi tsalle ya zubar da rabin kofin.

"Hazi," ya ce. Wannan.

Na buɗe injin ina addu'a a zuci kada in ga abin da zai hana. Da an ce mini da itace take aiki, a ranar zan ce a saya. Allah ya taimake ni lafiyarta ƙalau.

Mutumin Damagaram ya zagaya ta sau biyu yana riƙe da ciki. Ya ce duk Riyad a rasa wanda zai zaɓo wannan sai Bakano, ko kyauta aka ba mu? Amma ya yi aikinsa da kyau. Ya ɗaura mata ƙarfen ja mai baki biyu, ya haɗa wayar fitilun baya da na karafan, ya nuna mini yadda ake kullewa da kwancewa. Ya ce da wannan ƙarfen motar ita ke bin sawu da kanta, sitiyarin yana juyawa shi kaɗai.

Wata Asabar da safe muka fita, ni da tsohon, don gwajin da ya ce. Muka bi hanyar arewa. Daidai filin jirgi wani jirgi ya taso ta samanmu, na bi shi da ido har tsohon ya ce in kalli gabana. Motar na biye da mu lafiya lau, ko girgiza babu. Muka wuce masu sayar da itace da masu hayar tanti a gefen titi, muka sauka daga kwalta muka shiga wani fili mai tauri, shimfiɗaɗɗe, ba kowa sai raƙuma can nesa.

"Tsaya," ya ce.

Na tsaya. Ya sauka a hankali, na ɗauka fitsari zai yi. Sai na hango shi ta madubi yana dogara sandarsa zuwa baya. Ya buɗe ƙofar 'yar motar ya shiga mazaunin direba ya rufe. Na diro na bi shi.

"Ammi, me kake yi?"

"Yalla, ja mu tafi."

Na ce masa ba a zama a ciki. Na ce ƙarfen nan shi ke yin komai. Na tuna masa abin da ɗansa ya gaya mini ranar da na kama aiki, na ce in maganar nan ta fita ba hutu zan samu ba, kora zan samu, kuma ko korar sai an ga dama za a sallame ni. Ya bar ni na gama.

"Ba tuƙi zan yi ba," ya ce. "Kai ne mai tuƙi. Amma a ina ka taɓa ganin an ja mota ba kowa a sitiyari? A garinku ana yi?"

A garinmu ma ba a yi. In mota ta mutu a hanyar Kano aka ɗaura mata igiya, dole a sami wanda zai zauna ya riƙe ta, kuma ba kowa ake ba wa ba sai wanda aka yarda da hannunsa. Ashe tun ranar da ya sayi karafan abin da ke ransa ke nan. An hana shi tuƙi, amma ba wanda ya ce kada ya riƙe motar da ake ja. Kujera da madubi da ham ɗin da ya shafe makonni yana gwadawa, kansa yake gwada wa. Bai iya faɗa a gida ba don ɗan zai ji, bai iya faɗa a haraj ba don dillalai za su yi dariya.

Ba zan ce tausayi ne ya fara zo mini ba. Haushi ne. Da ya raɗa mini tun farko, da a yini guda na samo masa mai doguwar kujera, da tuni ina gaban Inna. Na tsaya a rana ina kallon sa, hannayensa biyu a kan sitiyari, ya ƙi kallo na. Na duba gabas da yamma, ba mota ba mutum. Na san in na ce a'a, gobe za a ce motar ba ta yi ba a koma haraj.

"Riƙe kawai za ka yi," na ce. "Kada ka murɗa. Kada ka taka birki."

"Ni za ka koya wa?" ya ce. "Ina tuƙi ba a haifi ubanka ba."

Na koma karafan na ja a hankali, tafiyar da mai keke zai wuce mu. Idona ɗaya a gaba, ɗaya a madubi. Ya miƙe zaune, ya ɗora gwiwar hannu a taga, iska na kaɗa gefen gutrarsa. Da na karkata dama sitiyarin ya juya da kansa, shi kuma ya bi shi da hannu yana leƙa madubi kamar akwai mai son wuce shi. Da muka kusa raƙuman ya danna ham ya riƙe, suka ɗaga kai suka kalle mu suka ci gaba da kiwo. Sau ɗaya ya taka birkin da na hana shi, karafan ta yi wata fizga, butar shayi ta faɗo ta fashe a bayana. Na faɗi wata magana da Hausa wadda ba zan rubuta ba. Muka zagaya filin nan har rana ta take.

Da na tsaya bai fito nan da nan ba. Na je na buɗe masa ƙofa, na tarar yana goge ido da gefen gutra, ya ce ƙura ce. Ya ciro wayarsa ya miƙo mini in nemo masa lambar ɗansa, don ba ya ganin rubutun.

"Motar ta yi," ya ce masa. "Danna wa yaron nan bizarsa yau."

Na sauka a Kano, na shiga motar garinmu. Na tarar da Inna a bakin ɗakinta tana shan hantsi. Na yi sallama, ta amsa, ta juyo da fuskarta wajen da muryar ta fito, amma ta ɗan kauce, kafaɗata take kallo. Na durƙusa a gabanta. Ta ce in matso wajen haske. Na matsa. Ta daɗe tana dubawa.

"Inuwa nake gani," ta ce. "Doguwa."

Ta miƙo hannu ta shafa goshina da kumatuna, ta ce na yi ƙiba, ta ce gemun nan na mene ne. Na riƙe hannun nata. A ƙirjina babu komai sai haraj da kujeru da madubai, da duk la ɗin da aka ce mini.

Bayan an ci abinci ta tambaye ni me ya riƙe ni. Na ba ta labarin tun daga farko, da zafi nake bayarwa, ina so ta taya ni jin haushi. Sai ta yi ta dariya, wurin ham da raƙuma har tana tari. Ba ta ce tsohon ya kyauta ba, ba ta ce bai kyauta ba. Ta dai tambaya ko kujerar ta yi masa daidai.

Da yamma ta ce za mu je in gaida yayarta a bayan masallaci. Ƙanwata ta taso za ta kama hannunta kamar yadda ta saba, Inna ta janye. Ta laluba ta dafa kafaɗata.

"Wuce gaba," ta ce. "Ni zan gaya maka hanya."

A lungun nan aka haife ni, na san kowane rami a cikinsa. Muka fita a hankali, hannunta a kafaɗata. Muka zo inda katangar masallaci ta tare gaba, inda ba wata hanya sai hagu.

"Yi hagu," ta ce.

Na yi hagu.